Wane suna zan sa wa fayil da folda a Python?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python, kuma ni da abokaina biyu muna haɗa wata 'yar manhaja ta lissafin shago. Abubuwa uku sun ɗaure mini kai. Na sa wa wani fayil suna `lissafin-kudi.py`, yana aiki idan na kunna shi shi kaɗai, amma `import` ya ƙi karɓarsa. Na buɗe wani fayil na kira shi `email.py` don tura wa masu sayayya rasit, sai laburaren `requests` ya daina aiki alhali ban taɓa shi ba. Na uku, aikin yana tafiya lafiya a kwamfutata mai Windows, amma da muka ɗora shi a saba mai Linux sai ya ce bai ga wani modul ba, wato fayil ɗin kod da ake kira da `import`. Shin akwai ƙa'ida a wannan sha'ani, ko kowa da ra'ayinsa? Kuma zan iya sa sunan da Hausa, har da ƙ da ɗ?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai ƙa'ida, kuma matsalolin nan naka uku duk daga tushe ɗaya suka fito. A Python sunan fayil yana shiga cikin kod kai tsaye. Duk lokacin da ka rubuta `import haraji`, abu biyu ne ke faruwa a lokaci guda: Python zai je ya nemo fayil mai suna `haraji.py` ko folda mai suna `haraji`, sannan ya kafa sunan `haraji` a cikin shirinka don ka riƙa kiransa. Saboda haka dole sunan ya samu karɓuwa a wurin yaren kansa, ya kuma samu karɓuwa a wurin kowace kwamfutar da fayil ɗin zai sauka. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Mu fara da `lissafin-kudi.py`. A wurin Python karan ɗori alamar ɗebewa ce, don haka `import lissafin-kudi` jimla ce marar ma'ana a wurinsa, shi ya sa yake jefo maka `SyntaxError`. Idan kuwa ka rubuta `python lissafin-kudi.py` a taminal, hanyar zuwa fayil kawai ka miƙa masa, babu wanda ya nemi ya mayar da ita suna a cikin kod, shi ya sa ya yi aiki. Haka abin yake ga sunan da ke da tazara a tsakiya, da wanda ya fara da lamba kamar `2_rahoto.py`, da wanda ya yi daidai da keɓaɓɓun kalmomin yaren irin su `class.py` ko `global.py`. Ɗigo a tsakiyar suna ma matsala ne: `rahoto.sabo.py` ba zai kiru ba, domin ɗigo a cikin `import` yana nufin "shiga cikin fakiti kaza ka ɗauko kaza", fakiti kuwa folda ce da ke ɗauke da modul. Maganin naka shi ne ka mayar da shi `lissafin_kudi.py`, da layin ƙasa.

Wani zai iya ce maka ai akwai `importlib.import_module`, wanda ke ɗauko modul ko da sunansa bai bi wannan doka ba. Gaskiya ne, da shi ma Django, wani tsarin gina shafukan intanet da Python, ke karanta fayilolinsa na sauya fasalin rumbun bayanai, irin su `0001_initial.py`, waɗanda aka fara da lamba da gangan don su jeru bi da bi. Amma wannan tsari ne da aka gina don wata buƙata ta musamman. Kada ka ɗauke shi a matsayin hanyar kauce wa gyaran suna.

Bayan abin da yaren ya tilasta, sai kuma al'ada. Rubutacciyar al'adar tana cikin takardar da ake kira PEP 8, wadda Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiri Python, da Barry Warsaw suka fitar a 2001. Abin da ta faɗa a kan wannan batu gajere ne ƙwarai: sunan modul ya kasance gajere, duka da ƙananan baƙaƙe, kuma ana iya sa layin ƙasa idan zai sauƙaƙa karatu, sunan fakiti, wato folda, shi ma gajere da ƙananan baƙaƙe, sai dai a nan ba a so a sa layin ƙasa. Wannan sashe na ƙarshe mutane ba su cika binsa sau da ƙafa ba. Akwai `rest_framework`, akwai `typing_extensions`, akwai `flask_sqlalchemy`, duk sanannu ne. Ni a ganina idan kalma biyu za su cakuɗe har a kasa karanta su, ka sa layin ƙasa hankalinka kwance. Batun ƙananan baƙaƙe kuwa ba na sassauci a kansa, kuma za ka ga dalili idan mun zo matsalarka ta uku.

Su kansu masu Python sai da suka biya kuɗin wannan darasi. A Python 2 laburaren da ke zuwa da yaren a hargitse yake: ga `ConfigParser`, ga `Queue`, ga `SocketServer`, ga `Tkinter`, a gefe guda kuma ga `os` da `sys` da `math`. Da aka fitar da Python 3.0 a Disambar 2008 aka mayar da su `configparser`, `queue`, `socketserver` da `tkinter`, duk da an san sauyin zai karya tsofaffin shirye-shirye masu ɗimbin yawa. Ɗaya daga cikin amfanin wannan shi ne ido yana rarrabe modul da aji, wato `class`, nan take: `queue` modul ne, `Queue` aji ne da ke cikinsa. Inda aka bar su suka yi kama, kamar `datetime` da ke cikin `datetime`, har yau masu koyo suna tuntuɓe a wurin.

Idan cikin abokanka akwai wanda ya fara da yaren Java, zai so ya sa wa fayil suna irin `LissafinKudi.py`, fayil ɗaya aji ɗaya. A Java doka ce: aji na fili dole ya zauna a fayil mai sunansa harafi da harafi, foldodi kuma su bi sunan fakiti. Python bai ɗora wa kowa wannan ba. Modul ɗaya yana iya ɗaukar azuzuwa biyar masu alaƙa da juna tare da ayyukan da ke hidimta musu, kuma sunansa ya faɗi batun da ya haɗa su.

Yanzu `email.py`, wadda ita ce ta fi wahalar ganewa cikin ukun. Idan ka kunna shiri, Python yana da jerin wuraren da yake bi yana neman modul, jerin yana cikin `sys.path`. Wuri na farko a jerin shi ne foldar da fayil ɗin da ka kunna yake, laburaren yaren kuma yana bayansa. Kamar ka tsaya a zaure ka ƙwala kiran Musa ne a gidan da ke da Musa biyu: wanda ya fi kusa da ƙofa shi zai fito, ko da ba shi kake nema ba. Python yana da fakiti nasa mai suna `email`. Kai ba ka kira shi ba, amma `requests` yana dogara da `urllib3`, shi kuma yana amfani da `http.client`, wanda ke kiran `email.parser` don karanta kanun saƙonnin da ke dawowa daga intanet. Da aka kira `email`, naka ne ya amsa, kuma babu `parser` a cikinsa. Shi ya sa saƙon kuskuren ya fito daga can cikin laburaren da ba ka taɓa buɗewa ba.

Sunayen da suka fi jefa mutane a wannan rami su ne waɗanda suka fi zuwa baki da sauri: `random.py`, `test.py`, `csv.py`, `json.py`, `string.py`, `types.py`, `token.py`, `calendar.py`, `queue.py`, `code.py`. Na ƙarshen nan yana hana `pdb` tashi, wato kayan aikin da za ka nemi kuskuren da shi ne ma zai ƙi aiki. Haka kuma idan mai koyo ya sa wa fayil ɗin gwajinsa sunan laburaren da yake koyo, ya kira shi `pandas.py` ko `requests.py`, sai fayil ɗin ya riƙa kiran kansa da kansa. Tun daga Python 3.10 akwai `sys.stdlib_module_names`, jerin sunayen duk modul ɗin da ke zuwa da yaren, kana iya duba sunan da ka zaɓa a ciki kafin ka sa shi. Python 3.13 na 2024 kuma ya ƙara wani taimako: a yanayi da yawa saƙon kuskuren da kansa yana gaya maka cewa fayil ɗinka ya yi suna ɗaya da na laburare, ka sauya masa. Idan kuma kana cikin shakka, ka rubuta `import email` sannan ka buga `email.__file__`, zai nuna maka ainihin fayil ɗin da ya amsa kiran.

Ka mayar da naka `tura_rasit.py`, ka ga sunan ma ya fi faɗin aikin da yake yi. Za ka ci karo da tsohuwar shawara cewa bayan ka sauya suna sai ka goge fayil mai ƙarewa da `.pyc`. Wannan daga zamanin Python 2 ne, lokacin da ake ajiye `.pyc` kusa da asalin fayil kuma ana iya ɗaukarsa ko da asalin ya ɓace. Tun daga 3.2 suna zama a cikin `__pycache__`, kuma ba a kula su idan asalin ba ya nan.

Hanyar da ta fi kare ka daga wannan gaba ɗaya ita ce ka zuba kod ɗinka cikin fakiti guda mai sunan aikinku. Idan `email.py` yana cikin fakitin `shago`, cikakken sunansa `shago.email` ne, ba zai yi karo da na laburare ba muddin daga wajen foldar kake kunna shirin, misali da `python -m shago`. Amma ranar da wani ya shiga cikin foldar ya kunna wani fayil kai tsaye, foldar ta zama ta farko a jerin nema, matsalar ta dawo. Don haka ko a cikin fakiti, na fi son a kauce wa irin waɗannan sunaye.

Sai ta uku. Windows, da macOS a yadda yake zuwa daga kamfani, ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil: `Kaya.py` da `kaya.py` abu ɗaya ne a wurinsu. Linux yana bambantawa. Mutane da yawa suna tsayawa a nan su ce shi ke nan dalili, amma akwai sauran magana. Shi Python, tun 2001, yana duba girman baƙaƙe da kansa lokacin `import` ko a Windows ne, don haka `import kaya` ba zai ɗauki `Kaya.py` ba ko a kwamfutarka. To ta ina matsalar ta shigo? Mafi yawan lokuta ta hanyar Git, manhajar da ke ajiye kod da tarihin sauye-sauyensa a ma'ajiya. Ka fara da `Kaya.py`, ka tura shi, daga baya ka sauya shi zuwa `kaya.py` ta hanyar danna sunan a folda, ka gyara duk wuraren `import`. A kwamfutarka komai daidai. Amma Git a Windows yana da saitin `core.ignorecase` a kunne, bai ga wani sauyi a sunan ba, don haka a ma'ajiyar har yanzu `Kaya.py` ne. Saba ta sauko da tsohon suna tare da sabon `import`, sai `ModuleNotFoundError`. Ka buga `git ls-files` ka kwatanta abin da ya fito da abin da kake gani a folda, ina kyautata zaton a nan za ka kama shi. Gyaran kuwa da `git mv Kaya.py kaya.py` ake yinsa, sannan ka tura.

Ɗaya ƙofar ita ce fayilolin da ba kod ba. Wancan binciken na Python bai shafi `open`, umarnin buɗe fayil, ba. Idan ka nemi `Bayanai/Farashi.csv` alhali a faifai `bayanai/farashi.csv` ne, Windows zai ba ka, Linux zai hana. Haka hotuna da shafukan HTML. Shi ya sa na ce ba na sassauci: idan kowane suna a aikin da ƙananan baƙaƙe yake, babu abin da za a tuna balle a manta. Waɗanda aka bari da manyan baƙaƙe 'yan kaɗan ne da al'ada ta tsayar, irin su `README.md` da `LICENSE` da `Dockerfile`. Kada kuma ku taɓa ajiye fayiloli biyu da girman baƙi kaɗai ya raba su. A kod ɗin Linux kansa akwai `xt_TCPMSS.c` da `xt_tcpmss.c` a folda ɗaya, kuma duk wanda ya sauko da shi a kwamfutar da ba ta bambantawa sai ɗaya ya danne ɗaya.

Tunda kuna aiki da Windows, ku kiyayi sunayen da ya keɓe wa na'urori tun zamanin DOS: `con`, `prn`, `aux`, `nul`, da `com1` ko `lpt1` da 'yan'uwansu. Wanda ke Linux zai iya ƙirƙirar `aux.py` lafiya lau, abokin aikinsa na Windows kuma Git ya ƙi sauko masa da shi.

Game da tsarin foldodi, ga yadda zan shimfiɗa aikinku:

```
lissafin-shago/
    pyproject.toml
    README.md
    src/
        shago/
            __init__.py
            __main__.py
            kaya.py
            lissafin_kudi.py
            tura_rasit.py
    tests/
        test_kaya.py
        test_lissafin_kudi.py
```

Ka lura foldar waje tana da karan ɗori, kuma babu laifi, domin ba wanda zai yi mata `import`. Sunan ma'ajiya ce kawai. Tazara dai a guje ta ko a nan, saboda tana wahalar da umarnin taminal. Wadda doka ta hau kanta ita ce `shago`. Fayil ɗin `__init__.py` shi ke nuna foldar fakiti ce ta yau da kullum, ko da babu komai a cikinsa. Tun Python 3.3 folda marar shi ma tana kiruwa, amma an yi wannan ne don fakitin da aka rarraba a wurare daban-daban, kuma wasu kayan haɗa fakiti suna tsallake folda marar shi ba tare da sun yi magana ba. Ku sa shi. `__main__.py` kuma shi ne abin da ke tashi idan an ce `python -m shago`.

Foldar `src` ba dole ba ce, kuma ga aikin fayil uku ana iya barinta. Amfaninta yana fitowa ne a wurin gwaji: tana tilasta muku ku girka fakitin kafin ku gwada shi, don haka abin da kuka gwada shi ne abin da mai amfani zai samu, har da gano fayil ɗin da aka manta ba a haɗa da shi ba. Sunayen fayilolin gwaji su ma aiki suke yi: `pytest`, kayan aikin gudanar da gwaji, yana neman waɗanda suka fara da `test_` ko suka ƙare da `_test.py`, wanda ya saɓa kuwa zai wuce shi shiru, kai kana zaton an gwada. Idan kuma kuka sa `test_kaya.py` biyu a foldodi daban-daban marasa `__init__.py`, zai yi ƙorafin sun yi karo.

Akwai wani abu da zai ruɗe ka nan gaba, gara in faɗa maka tun yanzu. Sunan da ake girka laburare da shi ta `pip` daban yake da sunan da ake kiransa a kod, kuma ba dole su yi kama ba. Ana girka `scikit-learn` a kira `sklearn`, ana girka `Pillow` a kira `PIL`, `beautifulsoup4` ya zama `bs4`, `PyYAML` ya zama `yaml`, `opencv-python` ya zama `cv2`. Sunan girkawa yana karɓar karan ɗori, kuma rumbun PyPI, inda `pip` ke ɗauko laburare, yana ɗaukar karan ɗori da layin ƙasa da ɗigo a matsayin abu ɗaya, bai kuma damu da girman baƙi ba. Kada ka riƙa cankar sunan girkawa daga abin da ka gani a `import`. A 2017 hukumar tsaron intanet ta ƙasar Silobakiya ta gano fakitoci goma na bogi a PyPI masu sunaye kusa da na gaske, ciki har da `urlib3` mai `l` ɗaya. Idan wata rana kuka wallafa naku, ku sa sunayen biyu su yi kusa da juna iya yadda zai yiwu.

Batun Hausa kuwa, ina goyon bayan ku sa sunaye da ita idan ku ukun da waɗanda za su gaje ku a aikin duk Hausa kuke ji. Wanda ya ga `bashi.py` da `ciniki.py` ya san abin da ke ciki ba sai ya buɗe ƙamus ba, kuma sunan Hausa da wuya ya yi karo da na laburare. Idan kuna sa ran buɗe aikin ga mutanen wasu ƙasashe, to Ingilishi zai fi muku sauƙin samun masu taimako. Abin da ba na so shi ne gauraye, rabi nan rabi can ba tare da tsari ba.

Baƙaƙe masu lanƙwasa fa? Python 3 yana karɓarsu: `import kuɗi` zai yi aiki idan akwai `kuɗi.py`, domin ƙ, ɗ, ɓ da ƴ duk haruffa ne cikakku a tsarin Unicode. Duk da haka shawarata ita ce kada ku sa su a sunan fayil ko folda, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wanda yake son a rubuta Hausa daidai. Yawancin kibod ɗin kwamfutocinmu ba su da su, ranar da kake gyara a saba da tsakar dare za ka rasa yadda za ka buga sunan. Git a saitinsa na asali yana nuna ƙ a matsayin `\306\231`, sai sunan ya koma lambobi a idonka. PyPI ba ya karɓar su a sunan fakiti sam. Hamza ta fi su rikici: alamar da ke kan kibod ba ta shiga suna a Python, don haka `sana'a.py` ba zai kiru ba, amma akwai wata alamar Unicode mai kama da ita sosai wadda ake lissafawa a matsayin harafi, ita kuma tana shiga. Mutum biyu za su buga abin da ido ke gani iri ɗaya, na ɗaya ya yi aiki na ɗaya ya ƙi. Ku rubuta `kudi`, `sanaa`, `yan_kasuwa` a sunan fayil, sannan ku ba Hausa cikakken haƙƙinta a inda mutane ke karantawa: saƙonnin manhajar, rasit, bayanan cikin kod da `README.md`. Inda cire lanƙwasa zai haifar da ruɗani tsakanin kalmomi biyu, a nemi wata kalmar.

Ragowar abin da zan ja kunnenku a kai shi ne ma'anar sunan. `utils.py` da `helpers.py` da `sauran_abubuwa.py` ba sa faɗin komai, shi ya sa kowa ke zuba abin da ya rasa wurin sa wa a cikinsu, har fayil ɗin ya kumbura, kowane modul yana kiransa shi ma yana kiran kowa, daga nan sai matsalar kiran juna ta zagaye. Idan aikin da ke ciki na kwanan wata ne, a ce `kwanan_wata.py`. Sunaye irin `lissafi_sabo.py` da `lissafi_na_karshe2.py` kuma aikin Git ne kuke yi da hannu. A bar fayil ɗaya, tarihi ya zauna a ma'ajiya. Modul ɗin da na cikin gida ne, ba ku son wani ya dogara da shi daga waje, ku fara sunansa da layin ƙasa ɗaya, kamar yadda `socket` na Python yake da `_socket` a bayansa.

Tunda ku uku ne, kada ku bar wannan ga tunawar kowa. Ku girka Ruff, kayan aikin da ke duba tsarin kod, ku kunna dokokinsa biyu a cikin `pyproject.toml`: `N999` tana kama sunan modul da ya saɓa tsari, `A005` kuma tana kama wanda ya yi suna ɗaya da na laburaren Python. Sannan ku sa gwajinku ya riƙa gudana a kan Linux duk lokacin da wani ya tura sabon kod, ko ta GitHub Actions, mai gudanar da gwaji da kansa a intanet, ko ta WSL, wato Linux a cikin Windows, a kwamfutar ɗayanku, don matsalar girman baƙi ta bayyana kafin ta kai saba. Allah ya ba da sa'a.